Saƙon Gwaggo Zuwa Ga Mutanen Faransa

Wata takwas cur ƙunshin Gwaggo ya yi a ƙasan akwatina a Paris. Ƙunshi ne na farin ƙyalle, ta ɗinke bakinsa da zare da allura yadda ko ƙiyashi ba zai sami hanya ba. Ba sai na buɗe ba, na san akwai daddawa a ciki, don duk rigar da na ɗauko na saka sai ta sanar da mutanen cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa cewa ga 'yar Zariya nan ta shigo.

Gwaggo yayar babana ce. 'Yarta ta fari, Yaya Hajo, wani ɗan Maraɗi ya aura ya tafi da ita Lyon, kuma shekararta bakwai rabonta da gida. Gwaggo irin matan da ce masu kunyar ɗan fari. Ban taɓa jin sunan Yaya Hajo a bakinta ba, kakarmu ce ma ta raine ta. In ta bugo waya, sai Gwaggo ta miƙa wa na kusa da ita ta ce, “Ku gaisa,” ta shige ɗaki. Ranar da ta ba ni ƙunshin ma, bango take kallo ta ce, “Ki kai wa mutanen Faransa. Hannu da hannu, Rabi. Ban ce ɗan aike ba, ban ce gidan waya ba.”

Na amsa da ƙarfina, don a lokacin gani nake Faransa duk gari ɗaya ce. Binciken ƙasar noma ya kawo ni, na wata takwas. Da na sauka sai na tarar ɗakin da wani dillali ya nuna mini a hoto, mai taga tana kallon kogi, ashe hoton ɗakin wasu ne. Nawa yana Clichy-sous-Bois, hawa na tara, tagarsa tana kallon bayan wani benen. Sai ga sanyi, sai ga aiki, sai ga Faransancin da na koya a gida ya ƙi yi mini amfani ko a wurin sayen burodi. Na sha kuka a wannan ɗakin, ba na ɓoyewa. Muna gaisawa da Yaya Hajo a waya, kullum sai ta ce, “Ki zo mana, ko yaushe, gidanki ne.” Ni kuma kullum sai in ce wata mai zuwa. Ina nan ina wata mai zuwa, ran nan cikin Agusta na duba takardar jirgina na ga saura kwana biyar in koma gida. Asabar ɗaya tak ta rage mini. In ta wuce, sai dai in mayar wa Gwaggo ƙunshinta in tsaya gabanta in yi bayani, kuma na gwammace komai da wannan.

Na yanki tikitin jirgin ƙasa, tafiya ƙarfe goma na safe, dawowa bakwai da rabi na yamma. Ban gaya wa Yaya Hajo ba. Da gangan na ƙi. Abokiyar wasana ce, ni 'yar namiji ita 'yar mace, tun ina ƙarama nake kiranta baiwata duk da shekara goman da ta ba ni. Ina aka taɓa jin uwargijiya ta nemi izini kafin ta shiga gidan baiwarta? So nake in yi sallama kawai in ga yadda za ta saki abin da ke hannunta.

Ranar na tashi da wani irin farin ciki da rabona da shi tun saukata. Na sha atamfata mai ruwan goro, na kafa ɗauri, na saka ƙunshin a jakar hannu, na nufi Château Rouge don in yi tsaraba. Wannan unguwa ita ta riƙe ni a Paris. Kana fitowa daga ramin jirgi sai ƙamshin gasasshiyar masara ya tare ka, ga masu kifi suna ihu, ga doya da borkono a jibge, ga masu kitso suna jan hannunka ko da kanka a rufe yake. In kewar gida ta ishe ni, nan nake zuwa in tsaya kusa da mahauta in saurari Hausa kawai in koma.

Na shiga kantin Alhaji Mamman, wani dattijo ɗan Damagaram mai sayar da atamfa, wanda ya ɗauke ni kamar 'yarsa.

“Malama Rabi! An kwana lahiya? Ina gajiya, ina karatu? Yau kuma wannan kwalliya, ina zuwa?”

Na ce Lyon za ni, wurin 'yar'uwata, a zaɓo mini turmi mai kyau.

“Madalla. Kun yi randebu, ta san da zuwanki?”

“Wane irin randebu, Alhaji? Gidan yayata fa za ni.”

Ya ajiye turmin da ke hannunsa ya cire tabarau. “Ɗiyata, nan Faransa ce. Ni ɗan da na haifa, sai na kira shi kahin in je gidanshi. Kuma watan bakans ne, lokacin hutu, gari duk ya watse. Kira ta yanzu ina kallonki.”

Na yi dariya na ce Alhaji ya daɗe a Turai har ya manta zumunci. Ya girgiza kai, ya ƙara mini da ledar dabino ya ce in ci a hanya, Allah ya sa in iske su. Na fita ina jin ni ce mai wayo.

Tafiyar jirgin nan kuwa, wayyo daɗi! Ban taɓa shiga abin da ke gudu haka a ƙasa ba. Na manna goshina da gilashi kamar ba malamar makaranta ba. Gonaki shimfiɗe har iyakar gani, an girbe alkama an nannaɗe karanta gammo-gammo, fararen shanu ƙosassu suna kiwo babu makiyayi ko ɗaya. Ni da aikina ke nan, duba ƙasa, sai da na ji kamar in ce a tsaya in ɗebi kaɗan a leda. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga yadda nake zumuɗi, ta riƙa nuna mini garuruwa tana faɗin sunayensu. Na ba ta dabino, ta ba ni wani cuku mai wari, kowa ya ci na ɗan'uwansa cikin haƙuri. Awa biyu sai ga mu a Lyon.

Daga tasha na hau wata doguwar bas mai ƙaho biyu a ka, da su take jan wuta daga wayoyin sama. Muka bi gefen kogi, muka hau tudu, garin yana buɗewa a ƙasanmu da jajayen rufinsa. Na sauka a Rillieux-la-Pape, unguwar dogayen benaye masu kama da juna, na yi ta bin lamba har na sami nasu. Na gyara ɗauri, na shirya kalmar da zan fara tsokanarta da ita.

Ƙofar gidan a kulle take, irin mai lambobin sirri. Na nemo sunan mijinta a jikin allo na danna ƙararrawa. Shiru. Na sake dannawa, na daɗe ban ɗaga yatsa ba. Shiru. Sai na ce to, wasa ya ƙare, na ciro waya na kira ta. Ta yi ta ringin har ta katse. Na kira sau biyar. Na tura saƙo, ba a buɗe ba. Lambar mijinta kuwa ban taɓa tunanin karɓa ba. Na zauna a kan dakalin ƙofar da turmin atamfa a cinya, fuskar Alhaji Mamman tana yi mini gizo.

Na fi rabin awa a wurin kafin wata taga ta buɗe a hawa na ɗaya. Wata tsohuwar Balarabiya ce, da ɗankwali da zanen lalle a haɓa. Ta yi mini sallama irin tamu, ta sauko da kanta riƙe da kofin ruwan sanyi. Da guntun Faransancina da hannuwanmu huɗu muka fahimci juna. Ta san su sarai. Tun da safe suka fita da yara da kulolin abinci, ba ta san inda suka nufa ba, kuma wani lokaci sai washegari suke dawowa. Ta nuna jakata ta nuna ƙirjinta, wato in bar saƙon a wurinta.

Wallahi na kusa bayarwa. Matar kirki ce, ana gani a fuskarta, kuma wa zai sani? Har na zuge jakar. Da na taɓa ɗinkin nan na Gwaggo, ƙanana-ƙanana a jere, na tuna cewa da idon da ba ya gani sosai ta zauna ta yi shi, sai na mayar na rufe. Na yi wa tsohuwar godiya na ce dole sai hannun mai shi. Ba ta ji haushi ba. Ta karɓi birona ta rubuta mini sunan wata unguwa a tafin hannu, Guillotière, ta ce akwai gidan abinci kusa da gada inda masu irin yarena suke taruwa, in je in tambaya.

Na koma cikin gari. Duk da abin da ke raina, Guillotière sai da ta sa na saki baki. Titi ɗaya kawai, amma ga mai kayan ƙamshi na Larabawa, ga agwagi gasassu a rataye a tagar 'yan Sin, ga masu aski 'yan Afirka sun saki kiɗa, ga tsofaffi suna shan shayi a bakin hanya suna gardama. Na shiga gidan abinci biyu ina sallama da Hausa, ana amsa mini da yaren da ban sani ba. A na uku, tun daga ƙofa na ji wata murya daga kicin tana faɗa, “Wa ya bar mini wutar nan a kunne?” Ban san lokacin da na ce “Alhamdu lillahi!” da ƙarfi ba, har masu cin abinci suka juyo.

Mai muryar ta leƙo. Wata ƙatuwar mata ce fara, da ludayi a hannu, sunanta Hajiya Dija, 'yar Garwa ta Kamaru. Na fara zuba mata bayani ko numfashi ba na yi, ta ɗaga ludayin.

“Dakata. Kin ci abinci?”

“Hajiya, sauri nake, jirgina...”

“Zauna. Ba a neman mutum da yunwa a gidana.”

Ta dire mini tuwon shinkafa da miyar yakuwa da kifi. Loma ta farko sai da hawaye ya cika mini ido, don wata takwas ina cin taliya da ƙwai. Na cinye tas, na side hannu, ba kunya. Ta ba ni wuri a bayan kanti na yi azahar, sannan ta zauna ta saurare ni. Da na kai wurin da na ƙi bugo waya, sai ta kwashe da dariya har tana dukan tebur.

“Ke kam sabuwa ce! Asabar, cikin Agusta, rana ta fito haka, kina neman mutum a gida? Hajo matar ɗan Maraɗi, na san ta, doguwa mai wushirya. Bon, ban ce tana can ba, amma duk wanda bai tafi bakans ba yau yana tafki. Ni ma can za ni, mutanenmu na jiran shinkafa. In za ki riƙe mini tukunya, mu tafi.”

Haka na shiga 'yar motarta, tukunyar shinkafa mai zafi a cinyata, ƙunshin Gwaggo a ƙarƙashin hammata. Hajiya Dija tana tuƙi tana nuna mini gari da hannu biyu, ni ina salati. Ga inda koguna ke bi, ga cocin da ke kan dutse, ga kasuwar da ta fara sayar da ƙosai shekarun baya. Ƙarfe huɗu ta gota muka isa tafkin Miribel.

Ni da na ji an ce tafki, na zaci irin kududdufin bayan gari ne. Sai ga ruwa shuɗi fetal, ga rairayi, ga itatuwa, ga ƙananan jirage masu tanti suna yawo a kai. Mutane kuwa kamar an juye garin gaba ɗaya. Turawa kwance a rana sun shafe jiki da mai, kayan da ke jikin wasunsu bai kai hankicina ba, na rasa inda zan ajiye idona. Yara na tsalle cikin ruwa suna ihu, hayaƙin gashi na tashi ta ko'ina. Na cire takalmi na taka rairayin, ɗuminsa ya ratsa ni, na ji dariya ta kama ni haka kawai.

Mutanen Hajiya Dija 'yan Kamaru da Chadi ne. Suka karɓi tukunya, suka ce 'yan Nijar can gaba suke zama, amma bakin ruwan ba ɗaya ba ne, sai na yi tafiya. Hajiya ta ce, “Kar ki duba cikin ruwa, namu ba sa shiga. Ki duba gindin itace. Duk inda kika ga mata sun ci ado sun ba ruwa baya suna kallon tukunya, kin iso.”

Na kama hanya, takalmi a hannu ɗaya, turmi a ka. Na wuce masu buga ƙwallo, na wuce wasu Turkawa da suka kafa tukunyar shayi, na wuce wani tsoho yana barci da jarida a fuska. Na yi sallama a gindin itace uku, ba su ba ne. Agogo ya nuna biyar saura kwata, kuma in ban bar wurin da shida ba jirgi zai tafi ya bar ni. Ƙafafuna suka fara zafi, farin cikin ya fara tsiyayewa. Na ce a raina, Rabi, taurin kanki ya ja miki, ki shirya abin da za ki gaya wa Gwaggo.

Sai na hango wata mata ta tashi daga kan tabarma za ta ɗauko wani abu. Bayanta kawai na gani. Amma yadda ta dafa gwiwa ta miƙe, ta kama ƙugu da hannun hagu, wallahi Gwaggo ce sak. Na yar da takalmin na kwasa da gudu cikin rairayi, ɗaurina ya faɗi ban tsaya ba.

“Baiwata! Haka ake yi? Uwargijiyarki ta zo ta tarar da ƙofa a kulle?”

Ta juyo. Farantin da ke hannunta ya suɓuce, wainar da ke ciki ta watse. “Rabi? La ilaha illallahu! Rabi, daga ina? Ke da wa? Me ya hana ki kira?”

“Na kira! Ina wayarki?”

“Tana mota, kar rairayi ya shiga.”

Muka rungume juna muna tsalle, manya da mu. Mata suka taso da guɗa, Turawan kusa suka ɗaga kai suna kallo. Mijinta ya zo muka gaisa, aka turo 'ya'yanta uku jiƙe sharkaf suka gaishe ni da Hausa mai ƙamshin Faransanci. Kafin in zauna an cika gabana da nama da dambu da lemo, kowa na tambayar yadda na gano su, ina ba da labari ana dariya.

Sannan na wanke hannu na ciro ƙunshin. Na ce, “Buɗe hannunki.” Na ɗora mata a tafi, na ji kamar an sauke mini buhu daga ka.

Dariyarta ta ɗauke. Ta daɗe tana shafa ɗinkin da yatsa kafin ta sa wuƙa ta warware. Kuka ce da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yajin da Gwaggo ke dakawa da kanta, kowanne a ƙullinsa. Ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe ƙyallen, ta juya bayansa. Na gane abin da take nema, kuma babu shi.

“Ba ta ce komai ba?”

“Ta ce in kawo hannu da hannu.”

Ta gyaɗa kai ta yi murmushi, amma idonta ya kawo ruwa. “Shekara bakwai, Rabi. Na san al'ada ce, na sani. Amma wani lokaci sai in ce ko ta ma manta kamannina.”

Sai na ce bari in sanar da gida na sauke amana. Na ja ta muka matsa bakin ruwa inda babu hayaniya, na kira wayar Mamata ta bidiyo na ce a kai wa Gwaggo. Yaya Hajo ta koma bayan wayar ta tsaya shiru, don ta san in ta yi magana za a miƙa wa wani.

Fuskar Gwaggo ta cika wayar, ta matso da ido sosai. “Rabi ce? Sai yau?”

“Sai yau, Gwaggo, a yi mini afuwa. Amma hannu da hannu na bayar.”

“To, madalla. Allah ya yi miki albarka. Ina ne nan kuke, nake jin ihun yara?”

“Bakin wani tafki ne, Gwaggo, babba.”

“Ki ce wa mutanen gidan kar su bar yara su yi nisa a ciki.” Sannan ta ce, “Juya in ga ruwan.”

Na juya wayar. Yaya Hajo ce tsaye a gaban ruwan, ƙyallen a hannunta, ta cika hoton. Ta yi sauri za ta kauce, ni ma na fara karkatar da hannu don in ba Gwaggo abin da ta tambaya.

“A'a,” in ji Gwaggo. “Bar shi nan. Kar ki motsa.”

Na tsaya cak. Yaya Hajo ma ta tsaya, hawaye na bin kumatunta, ba ta share ba. Hannuna ya gaji, na tallafe shi da ɗayan. Can na ji muryar Mamata daga gefe tana cewa, “Yaya, ko a kashe ne?”

Gwaggo ta ce, “Ku bar ni. Ruwan nake kallo.”